Ganuwar Aro

Ta tagar bas na fara ganin Monteriggioni, a watan Oktoba na 1999, kwana biyu da saukata ƙasar Italiya, muna kan hanya daga Firenze zuwa Siyena. Kaina na jingine da gilashi, hanjina na kukan tuwo, ga wani sanyi da ban taɓa sanin irinsa ba yana shigowa ta ƙafar wando. Sai mota ta sha kwana, wani tudu ya bayyana, a kansa ga ganuwa zagaye da hasumiyoyi tsaye reras, kamar an naɗa wa tudun rawani. Ban san lokacin da na miƙe zaune ba. Abin da ya kuɓuce daga bakina, a motar da babu mai jin Hausa, shi ne: "Kai, badala!" Matar da ke kusa da ni ta dube ni, ta faɗi wani suna mai tsawo. Da ta ga ban kama ba, ta maimaita a hankali kamar mai biya wa yaro allo: Mon-te-rij-jo-ni. Kafin in haɗa gaɓoɓin, tudun ya koma bayanmu.

Fata ce ta kai ni can. Mu gidan majema ne a wajajen Ƙofar Wambai. Kakana da bagaruwa da toka ya yi jima, mahaifina ma haka, ni kuma zamani ya kai ni ɗaya daga cikin masana'antun fata na Sharaɗa. Yawancin masu sayen kirginmu Italiyawa ne, daga wani gari a bakin kogin Arno da ake kira Santa Croce, tsakanin Pisa da Firenze, inda kowane lungu ke warin jima kamar unguwarmu. Maigidana ya gaji da ciniki ta bakin tafinta, ya ce in je in koyo harshen. Aka tura ni wata shida jami'ar Siyena da ke koyar da baƙi Italiyanci.

Siyena gari ne da ya isa kallo, amma kyan gari bai taɓa hana baƙo kewa ba. Ɗakina na can ƙololuwar wani tsohon bene. Gurasarsu babu gishiri ko ƙwaya. Kalmar da na fara haddacewa kuwa, tun kafin gaisuwa, sunan alade ne, don in san abin da zan tambaya kafin in kai loma. Wayar hannu ba ta zo mana gida ba tukuna, sai in sayi katin lira 10,000, in tsaya a akwatin waya na bakin titi, in kira gidan maƙwabcinmu mai tarho, a aiki yaro ya kira Inna. Kafin ta yafa mayafi ta iso, rabin kuɗin ya tafi. "Kana dai cin abinci ko?" Tambayarta ke nan kullum. In ce ina ci, Inna. Asabar ta biyu, da kaɗaici ya ishe ni, na rubuta sunan nan mai tsawo a takarda na nuna wa mai sayar da tikiti.

Tafiyar ba ta wuce kilomita 15 ba. Bas ya ajiye ni a gindin tudun, na haura da ƙafa ta tsakanin gonakin zaitun da na inabi ina haki. Na shiga ta ƙofar da ke fuskantar Siyena, wadda suke kira Porta Franca, na ratsa wani fili mai daɓen dutse da rijiya da ƙaramar coci, na bi titin da ya miƙe, ban ankara ba sai ga ni a ɗaya ƙofar ina kallon kwari da hanyar Firenze. Gari ya ƙare ke nan. Na tsaya ina dariya ni kaɗai. Ni da na tashi a birnin da yara kan fita da hantsi su ce za su zagaye ganuwa, la'asar ta riske su ba su gama ba. Nan kuwa duk zagayen mita 570 ne, hasumiya 14, ƙofa biyu, masu kwana a ciki ba su kai ɗari ba. Unguwarmu kaɗai za ta haɗiye ta, ba ta sha ruwa ba.

Da raini na fara, gaskiya. Amma Asabar ta gaba na koma, da wadda ta biyo bayanta, har direban bas ya daina tambayata inda zan sauka. Na daɗe kafin in gane abin da ke jan ƙafata. Bakano ya san bambancin cikin gari da waje tun yana goye. Ba a koya masa, a jiki yake jin sa idan ya shigo ta ƙofa. Siyena ma tana da ganuwa, sai dai gidaje da motoci sun sha mata gaba, ba ka ganin ta gaba ɗaya. A Monteriggioni kuwa duk inda ka juya ga ta nan a bayan gidaje, ta rungume ka. In zauna a gindinta, bayana a jikin dutsen da rana ta ɗan ɗumama, sai in ji numfashina ya daidaita.

A jikin Porta Franca akwai wani allon dutse da rubutun Latin. Na kwafe shi harafi bayan harafi a littafin darasina, ranar Litinin na kai wa malamarmu. Ta yi mamakin wai ɗan Afirka mai koyon "ina kwana" ya kawo mata aikin gida daga ƙarni na 13, amma ta fassara. Rubutun ya ce a watan Maris na shekarar 1213, zamanin da Guelfo na Porcari ke shugabancin Siyena, aka soma wannan gini da sunan Ubangiji, aka kuma kewaye shi da ganuwa da gumin mutanen Siyena da dukiyarsu. Ta ƙara da cewa a lissafinmu na yau 1214 ke nan, don su a wancan zamani sabuwar shekararsu sai 25 ga Maris take kamawa. Aikin ya ɗauke su har 1219. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shugaban. Porcari can wajen Lucca take, wato mutumin ba ɗan Siyena ba ne. Haka al'adar biranen Italiya take a lokacin: manyan gidaje ba su yarda da juna ba, sai su ɗauko baƙo daga wani gari su ba shi sarautar da suke kira podesta, na ɗan wa'adi, ya yi shari'a ya ja yaƙi, wa'adi ya cika ya kama hanya. Sun fi amince wa bare a kan ɗan ɗakinsu.

Monteriggioni dasa ta aka yi da gangan, kamar yadda sarakunanmu kan kafa ribaɗi a bakin iyaka. Babu kasuwar da ta tara mutane har gari ya tsiro. Siyena ce ta duba ta ga daga ina masifa ke zuwar mata, ta ga daga arewa ne, daga Firenze, ta kwarin kogin Elsa, sai ta zaɓi wannan tudu ta ɗora masa ido. A ƙarƙashinsa babbar hanyar zamanin take wucewa, Via Francigena, wadda masu ziyara da fatake da limaman coci ke bi daga Faransa da Ingila zuwa Roma. Wani babban limamin Kantabari mai suna Sigeric ya bi ta a shekarar 990, ya rubuta zangunan da ya yada a hanyar komawarsa gida. Siyena ba ta da babban kogi, ruwan sha ma da dabara take samun sa. Arzikinta na kan wannan hanya ne, da canjin kuɗi, da riƙe wa Paparoma dukiya. Wanda ya tare hanyar ya shaƙe ta. Littattafai za su ce maka Firenze na ɓangaren Paparoma, Siyena na ɓangaren sarkin sarakunan Jamus. Haka ne, amma ni a nawa ganin gabar ta girmi jam'iyyar. Maƙwabta ne biyu masu neman hanya ɗaya da gonaki ɗaya, kowa ya duba inda ɗan'uwansa ya tsaya ya koma ɗaya gefen.

Ɗan majemi ba magini ba ne, amma wanda ya yi wasan ɓuya a kan badala ya san abin da zai duba. Ganuwar ta bi siffar tudun ne, ba a tilasta mata kusurwa ba, don haka mai hawowa ta kowace fuska sai ya iso a gajiye. Hasumiyoyin masu kusurwa huɗu ne, sun ɗan turo ƙirji waje, ta yadda maharbin da ke kan ɗaya yana ganin gindin bango har zuwa ta gaba. Babu inda mai tsani zai raɓe. A bakin ƙofofin har yanzu ana ganin gurbin da ƙyaure ke juyawa da ramukan da ake zura gungumen sakata. Na sa hannu a ciki, ya shige har gwiwar hannu. Akwai kuma ƙyauren katako mai rufin ƙarfe da ake saukarwa daga sama da igiya. Sunansa saracinesca, daga kalmar da Turawan wancan zamani ke kiran Musulmi da ita. Har gobe haka Italiyawa ke kiran ƙyauren ƙarfen da mai kanti ke ja ƙasa idan zai tashi. Da malamarmu ta faɗa mini, sai na ce ashe ni ma ina da gado a garin.

Sauran karatun a lambu na yi shi. Tsakanin bayan gidaje da ganuwa akwai filaye da aka bari tun asali don shuka, saboda ranar da za a rufe ƙofa a yi wa gari ƙawanya. A ɗaya daga cikinsu wani dattijo yake noman baƙin kabeji da wake da albasa, da 'yan itatuwan zaitun. Asabar uku yana ganina ina wucewa bai ce uffan ba. Ta huɗu, lokacin tsinkar zaitun a watan Nuwamba, ya miƙo mini kwando kawai, ya nuna reshe. Haka muka fara. Na yi ta yi masa magana da lafazin girmamawa da aka koya mana a aji, ya ce in daina, shi ba lauya ba ne. Na ce a garinmu yaro ba ya kiran sunan sa'an kakansa. Ya ce to in kira shi nonno, wato kaka. Shi kuma "yaro" yake ce mini, duk da a lokacin ina da mata da ɗa.

Mutanen wannan yanki na Tuskani suna da wani lafazi: harafin "k" a tsakiyar magana sai ya koma "h" a bakinsu. Gida a littafi "kasa" ne, a bakin kaka kuwa "hasa". Ranar da ya tambaye ni sunan harshenmu na ce Hausa, sai da ya ajiye kwando don dariya. Ya ce, "Yaro, ai kowa ma harshen hasa yake yi." Harshen gida ke nan.

Shi ya nuna mini inda gwalalon gari yake a da. Mu namu ƙaya ake cika shi da ita, damina ta ƙara masa ruwa. Su a kan tudu ina ruwa? Gawayi suke zubawa a ramukan da suka kewaye ganuwar, idan abokan gaba sun matso a cinna wuta. Carbonaie suke kiran su. Kaka ya san gawayi, don iyayensa sun ƙona shi a dajin Montemaggio, dutsen nan mai duhun itatuwa da ake hange daga ƙofa. Ya ce in yi tunanin mutum cikin sulke da kwalkwalin ƙarfe, ya hawo tudu da tsakar bazara, ya tarar da garwashi shimfiɗe tsakaninsa da bango, ga kibau daga sama. Ya kama hancinsa, ya yi alamar gasasshen nama.

Yaƙe-yaƙen kuwa yana ba da labarinsu kamar da shi aka yi. Mutanen Firenze sun zo a 1244, sun dawo a 1254. A ranar 4 ga Satumba 1260 Siyena ta yi musu kaca-kaca a Montaperti, da taimakon barade Jamusawa na Sarki Manfredi, da kuma, in ji masu ba da labari, wani mutumin Firenze mai suna Bocca degli Abati da ya sare hannun mai riƙe da tutar garinsu ana tsakiyar gumurzu. Har yau idan gardama ta yi zafi tsakanin ɗan Siyena da ɗan Firenze, ko ta ƙwallo ce, sai ka ji an jefo sunan Montaperti. Abin da ba su cika son tunawa ba shi ne shekara tara bayan nan, a 1269, an rama a Colle di Val d'Elsa, nan kusa. Aka kashe jagoransu Provenzano Salvani, aka tsire kansa a mashi. Waɗanda suka tsira Monteriggioni suka sheƙo, aka sauke musu ƙyaure, mayaƙan Firenze suka yi zaman dirshan a waje har suka gaji suka tafi.

Mawaƙinsu Dante, wanda shi ma ɗan Firenze ne da garinsu ya kora a 1302, ya san wannan ganuwa. A babi na 31 na kashin farko na babbar waƙarsa, inda yake siffanta gidan wuta, da ya zo kwatanta wasu ƙattin samudawa da ke tsaye kewaye da bakin rami, hasumiyoyin Monteriggioni ya ɗauko. An manna baitin a jikin bango, kowane ɗan makaranta ya haddace shi, masu sayar da tsaraba sun buga shi a faranti. Na ce wa kaka ni ban ga abin alfahari ba a ce garinku ya yi kama da ƙofar wuta. Ya ce, "Ɗan Firenze ne ya faɗa. Tsoro ne ya sa shi, mu kuwa abin da muka gina ta don shi ke nan."

Annobar 1348 ta karya Siyena karayar da ba ta sake miƙewa sosai ba. Wanda ya je can zai ga katon bangon sabuwar cocin da suka soma suka kasa ƙarasawa, yana tsaye babu rufi. Sannan albarushi ya zo ya sauya lissafin magina. Doguwar hasumiya da ke tsoratar da mai baka ta zama abin saiti ga mai igwa, kuma idan ta faɗo a kan masu gida take faɗowa. Sai aka rage wa hasumiyoyin tsawo, aka cika gindin ganuwar da ƙasa don ta shanye dukan harsashi, ramukan gawayi suka zama tarihi. Dabarar ta yi aiki. A 1526 rundunar Firenze ta zo da igwa ta yi ta luguden bango, bai faɗi ba.

Daga nan muryar kaka kan sauya. A 1554 Cosimo na gidan Medici, mai mulkin Firenze, ya haɗa kai da Sarkin sarakuna Carlo na Biyar, suka tasar wa Siyena gadan-gadan. Siyena ta damƙa Monteriggioni a hannun wani kyaftin mai suna Zeti. Mutumin ɗan Firenze ne da ya gudo daga mulkin Medici. Lissafinsu shi ne wanda aka kora daga gida ba zai taɓa shiryawa da wanda ya kore shi ba. Jagoran rundunar Cosimo, Markis na Marignano, bai ɓata albarushi da yawa ba. Aka yi magana, Zeti ya miƙa garin. Shekara 340 ana dukan ƙofa daga waje, ranar da ta buɗu daga ciki aka zare sakata. Kaka bai taɓa faɗin sunan Zeti bai tofar da yawu a gefe ba. Ya ce har yanzu kurwarsa na yawo a kan ganuwa da dare, ta kasa samun kwanciya. Na tambaye shi ko ya taɓa ganin ta. Ya ce shi da wuri yake barci.

Na fassara masa karin maganarmu, cewa da ɗan gari kan ci gari. Ya jinjina kai, sa'an nan ya ce amma Zeti ai ba ɗan gari ba ne. Na kwana ina juya wannan. Baƙo ne ya aza harsashin garin, sunansa na jikin ƙofa, baƙo ne kuma ya ba da mabuɗinsa. Kuma, Allah ya gafarta mini, a wannan daren a ɗakina mai sanyi ban iya tsinar Zeti yadda kaka ke so ba. Cin amana dai cin amana ne. Amma na san abin da ake ji idan an ce wa wanda ya daɗe a waje ga hanyar gida. Mutanen Siyena sun auna ƙiyayyarsa ga Medici, ba su auna kewarsa ga Firenze ba. Ban faɗa wa kaka wannan ba. Da ya karɓe kwandonsa.

Siyena ta yi ta fama da yunwa a cikin ƙawanya, har ta kai ana fitar da waɗanda ba sa iya yaƙi bayan ganuwa don abinci ya isa, kafin ta sallama a watan Afrilu na 1555. Wasu gidaje suka ƙi zama ƙarƙashin sabon mai gari, suka ƙaura Montalcino suka riƙe sunan jamhuriyarsu har 1559. Monteriggioni kuwa aikinta ya ƙare. Iyakar da take tsaro ta shafe, gabas da yamma duk ƙasar mutum ɗaya ce. Ta koma ƙauyen manoma masu noman raba-daidai da masu gona, ana ɗaure shanu a gindin hasumiya.

A ganina wannan mantuwa ce ta cece ta. Babu wanda ya ga ribar rushe ta, babu titin da ya nemi ratsa ta, babu attajirin da ya yi kwaɗayin filin. Hasumiyoyin da baƙi ke ɗaukar hotonsu a yau ma, a shekarun 1920 da 1930 aka sake ɗaga kawunansu. Idan ka matsa kusa za ka ga inda tsohon dutse ya tsaya sabo ya ɗora. Tamu ganuwar ba ta samu wannan sa'a ba. Ta ƙasa ce, mai son yaɓe duk bayan damina, kuma tana tsakiyar birnin da kowace taku ta fili kuɗi ce. Ni kaina na ɗebi ƙasarta a kwano ina yaro, aka yi yaɓen katangar gidanmu, ban san ina cin komai ba.

Akwai labari ɗaya da kaka bai taɓa bayarwa ba. Wata rana na nuna Montemaggio na ce ina son in hau. Ya ce in je, akwai dutsen tunawa a can, in karanta da kaina. Na je. A ranar 28 ga Maris 1944 'yan fasist sun harbe samari 19 daga cikin masu yi musu tawaye a wannan daji. Sa'o'insa ne. Mutumin da zai yi awa guda yana zagin wanda ya mutu shekara ɗari huɗu da suka wuce, a kan wannan ko kalma. Da na dawo ya dube ni, na dube shi, ya miƙo mini wuƙar yankan kabeji.

Azumin shekarar 1999 a watan Disamba ya kama. Ban taɓa yin mai sauƙinsa ba, ban kuma taɓa yin mai nauyinsa ba: kafin ƙarfe biyar rana ta faɗi, amma babu kiran salla, babu ƙamshin ƙosai, babu yara masu tashe. Wata Asabar magariba ta riske ni a ƙofar Firenze. Hazo ya cika kwarin, tudun ya zama kamar tsibiri. Na fito da dabino uku daga aljihu. Sai ga matar kaka da kwano a rufe, miyar wake da baƙin kabeji da gutsattsarin gurasa, wadda suke kira ribollita. Ta ɗaga yatsa ta rantse mini babu alade, da man zaitun ɗin da na taya su tsinka ta yi. A tsaye na shanye, a cikin ƙofar da aka gina don hana baƙo shiga. A makonnin nan ne kuma na fara ganin masu tafiya da sanda da jaka a baya suna hawowa daga Abbadia a Isola, tsohon gidan ibadar da ke ƙasa wanda aka kafa a 1001, sun nufi Roma da ƙafa saboda shekarar 2000 mai alfarma ce a wurinsu. Suka tuna mini da ƙanen kakana da ya tafi Makka ta Fort Lamy da Sudan, ya yi shekara bakwai kafin ya dawo.

Na koma a 2013, na saci yini guda daga harkar fata. Lira ta tafi, akwatunan waya sun tafi. An yi wani dandamalin ƙarfe a jikin ganuwar daga ciki, ka sayi tikiti ka hau ka ga abin da masu gadi ke gani: tuddan Chianti a gefe guda, kwarin Elsa a ɗaya. Akwai ɗan gidan tarihi inda ake ba ka sulke da kwalkwali ka gwada. Na sa, wuyana ya yi kwana biyu yana ciwo. An ce a watan Yuli har biki suke yi, kowa ya yi shigar mutanen da. Ban ga laifin ko ɗaya ba, gari sai da abin ci. Daga kan dandamalin na leƙa lambun. Kabejin na nan, wani saurayi ne ke ban ruwa. Na sauko na tambayi wata mata a bakin coci, ta yi alamar gicciye a ƙirjinta, ta ce shi da matar duka, shekara ɗaya tsakani.

Bara waccan na shigo gida da daddare na tarar da autana a gaban talabijin yana wasan nan na Assassin's Creed, wani mai farar alkyabba na tsalle daga soro zuwa soro. Zan wuce ke nan na ga hasumiyoyin. Na ce, "Kai, tsaya. Ina ne nan?"

"Monteriggioni ne, Baba. Garin Ezio." Ya faɗi sunan tiryan-tiryan, ba gargada, sunan da na yi mako biyu ina tuntuɓe a kansa.

Na zauna a hannun kujera. Sun faɗaɗa titunan, sun kuma gina wani katafaren gida da babu shi a zahiri, a wajajen da zuciyata ta ce mini nan lambun yake. Na ce masa a nan na sha ruwa wani azumi, kafin a haife shi. Ya ce, "Baba, wasa ne fa." Na ce na sani, ya dai hau ganuwar ya daina gudu. Ya hau yana gunaguni, ya tsayar da mutumin a kan bango. Na ce ya juya shi a hankali ya fuskanci kwari, ina son in ga ko sun sa dajin. Ya fara juyawa, sai aka ɗauke wuta.